Yadda Ake Zuwa Grand Canyon da Mota: Daga Las Vegas Zuwa Bakin Kwazazzabo

Kwazazzabon nan ba ya nuna kansa daga nesa. Za ka yi ta tuƙi cikin daji mai dogayen itatuwa, ƙasa shimfiɗe kamar faifai, har ka fara zargin ko hanya ka ɓata. Sai ka ajiye mota, ka taka kamar minti biyar, ƙasar ta ƙare a gabanka. Ramin da ke ƙarƙashin ƙafarka zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, faɗinsa a wani wurin ya kai kilomita 29, tsawonsa kuwa in aka bi kogin Kolorado da ya sassaƙe shi kilomita 446 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Yana arewacin jihar Arizona a Amurka, an mayar da shi gandun ƙasa a 1919, kuma mutane kusan miliyan 5 ke zuwa kallonsa duk shekara.

Wannan bayani na wanda ke Amurka ne, ko karatu ya kai shi, ko aiki, ko ziyarar 'yan uwa, yana da kwana uku a hannu kuma yana son ya tuƙa kansa.

Fara sanin wanne kake nufi

Wurare uku ne ke amsa wannan suna, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai gaɓar kudu, wadda a allunan hanya za ka ga an rubuta South Rim. Ita ce take a buɗe dare da rana duk shekara, ita ce ake gani a yawancin hotuna, ita kuma nake magana a kai. Akwai gaɓar arewa, wadda ta fi tudu da sanyi, ake rufe hanyarta da hunturu, ga shi gobarar daji ta cinye tsohon masaukinta a watan Yulin 2025. Tsakanin gaɓoɓin biyu tsuntsu zai yi kilomita 16 ne kawai, amma mai mota sai ya zagaya kusan kilomita 350. Kada ka sa su a rana guda.

Na uku shi ne Grand Canyon West, inda aka yi gadar gilashin nan mai siffar kofaton doki a 2007. Wannan ba ya cikin gandun gwamnati. Ƙasar ƙabilar Hualapai ce, kuɗin shigarta daban, katin gandun ƙasa ba ya aiki a can. Ya fi kusa da Las Vegas, shi ya sa in ka rubuta "Grand Canyon" kawai a taswirar waya tana iya miƙa ka can. Rubuta Grand Canyon Visitor Center, ka tabbatar ta nuna maka tafiyar da ta kai awa huɗu da rabi. In ka ga awa biyu da 'yan mintoci, ba can ba ne.

Lokacin zuwa

In zaɓi a hannunka yake, ka je a Afrilu ko Mayu, ko kuma daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Yuni zuwa Agusta cunkoso ne da zafi, kuma daga Yuli zuwa farkon Satumba damina ce irin tasu: safiya garau, da azahar hadari ya haɗo, a yi ta tsawa. Mutumin da ke tsaye a bakin kwazazzabo shi ne abu mafi tsayi a wurin, don haka da ka ji rugugin aradu ka bar bakin, ka shiga mota ko gini. Da hunturu dusar ƙanƙara ke rufe gaɓar, kyan wurin ba a magana, ɗakuna sun yi araha, amma wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba gara kada ya fara koya a nan.

Abin da ya kamata ya zauna maka tun yanzu shi ne tudun wurin. Gaɓar kudu tana kan mita 2,100 daga doron teku. Ta fi Jos tudu nesa ba kusa ba, ta fi Mambila. Ko a tsakiyar bazara, asubar wurin sai da rigar sanyi, kuma za ka ji numfashinka na yankewa a ɗan hawan da a gida ba ka ɗauke shi komai ba.

Masauki da kuɗin shiga

Kama ɗaki kafin ka sayi komai. Masaukan da ke cikin gandun, irin su El Tovar da aka buɗe tun 1905, da Bright Angel, da Maswik, da Yavapai, ana fara kama su tun shekara guda kafin ranar, kuma suna cika da wuri. In ka samu, to ka huta, domin da ƙafa za ka je kallon fitowar rana. In ba ka samu ba, sai garin Tusayan da ke bakin ƙofar kudu, kilomita 11 daga ƙauyen da ke cikin gandun. In nan ma ya yi tsada, ka kwana a garin Williams, tafiyar awa guda. Mai son kwana a tanti ya nemi fili a sansanin Mather ta shafin Recreation.gov, wanda ke buɗewa wata shida kafin ranar.

Kuɗin shiga dala 35 ne ga mota guda, kuma takardar tana aiki kwana 7. Sai dai daga Janairun 2026 an ƙara dala 100 a kan duk mai shekara 16 zuwa sama da ba mazaunin Amurka ba ne. Katin shekara, wanda ke shigar da kai duk gandayen ƙasar, dala 80 ne ga mazauna, 250 ga baƙi. Yi lissafi: ku uku ko huɗu baƙi a mota ɗaya, katin shekara ya fi sauƙi. Ƙofar ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki. Daren da za ka tashi ka leƙa shafin nps.gov, ɓangaren Grand Canyon, domin a nan suke sanar da hanyar da aka rufe da famfon da ya ƙafe.

Mota

Ƙaramar mota ta isa, kwalta ce tun daga Las Vegas har bakin ramin. Kamfanonin haya za su nemi lasisinka da fasfo da katin bashi na banki mai sunan direba, kuma in lasisin na gida ne ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ake yi tun kafin a baro gida. Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi kowace rana. Tabbatar yarjejeniyar ba ta ƙayyade maka nisan tafiya ba, ka ɗauki inshora, ka zagaya motar da waya kana ɗaukar duk wani ƙarce kafin ka fita. Buɗe but ka duba ko akwai safaya da jak. Motocin haya da yawa yanzu ba su da su.

Hannun dama ake bi kamar Najeriya da Nijar, wannan ba matsala. Abin da zai rikita ka shi ne mil: lambar da ke jikin allo mil ce, kowane ɗaya kilomita 1.6, don haka 75 da ka gani a babbar hanya kilomita 120 ne a awa. Allon STOP kuwa tsayawa ake yi cak, ko ba kowa. In ɗan sanda ya kunna maka fitila a baya, ka sauka gefen dama, ka zauna a cikin mota, hannuwanka a kan sitiyari, ka jira ya zo. Kada ka fito don gaisuwa, kada ka laluba aljihu kafin ya ce ka miƙo takarda, kuma batun na goro ko da wasa kada ya fito daga bakinka.

A gidan mai kai za ka zuba da kanka. Galan ɗinsu lita 3.8 ne. Injin yakan nemi lambar unguwa in ka sa kati, katin waje kuma ba shi da ita, sai ka shiga wajen mai kanti ka faɗi lambar famfo da adadin kuɗi. Karanta rubutun jikin famfo da kyau, domin a gidajen mai da yawa mai koren hannu dizal ne. A cikin ƙauyen gandun babu gidan mai, sai Tusayan ko Desert View can gabas, kuma duk sun fi tsada. Cika tanki a garin Kingman da ke kan hanya, ka ƙara a Williams.

Guzuri

Sayayya a Las Vegas za ka yi ta, inda akwai manyan kantuna da masu sayar da naman halal. Da ka fita garin, abin da za ka samu cikin kwanciyar hankali bai wuce kifi da ƙwai da ganye da dankali ba. Sayi kula ka zuba ƙanƙara. Ruwa lita huɗu ga kowane mutum kowace rana, ban da jarkar da za ta zauna a but saboda ko-ta-kwana da alwala. Sai dabino, gyaɗa mai gishiri, biskit mai gishiri, burodi, lemo, da filas ɗin shayi. Garin kwaki da suga da gyaɗa ya fi duk wani abincin leda da za su sayar maka a can, kuma kantunan 'yan Afirka suna da shi. Kilishi dai kada ka ɗauko daga gida, kwastan na Amurka ba ta barin nama ya shiga.

Takalmi mai rufi mai tauri a ƙasa, ba silifas ba. Malafa ko hular da ke da baki, domin hular zanna ado ce kawai a wannan rana. Tabarau, man leɓe, tocila, rigar sanyi, buta da darduma. Mata masu dogon hijabi su sa wando a ciki kuma su zaɓi wanda bai kai ƙasa ba, saboda iskar bakin ramin da matakalan hanya. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet, don sabis yana ɗaukewa a wurare da dama.

Hanyar kanta

Tashi bayan sallar asuba. Kilomita 450 ne, awa huɗu da rabi in ba tsayawa, amma ka ware awa shida.

Daga Las Vegas ka bi hanyar Boulder City, wadda ke zarcewa ta zama US-93. Cikin minti arba'in za ka iso madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gama a 1936, tsayinta mita 221. Daga cikin mota a kan gadar da ke gaban madatsar ba za ka ga komai ba, bangon gefen ya yi tsayi. In kana son gani sai ka sauka daga babbar hanya, ka wuce shingen bincike, ka ajiye mota ka hau gadar da ƙafa. Rabin awa ya isa.

Daga nan zuwa Kingman fili ne fetal, duwatsu baƙaƙe, ƙananan ƙayoyi, hanya miƙe har ido ya gaji. A nan barci ke satar direba, don haka wanda ke kujerar gaba aikinsa hira. A Kingman ka sha mai ka hau babbar hanyar I-40 ta gabas. Mai lokaci yana iya bin tsohuwar hanya mai lamba 66 ta Peach Springs ya fito a Seligman, ƙarin kamar rabin awa, ya ga tsofaffin gidajen mai da motocin da suka yi tsatsa. Ni ban ga abin da ya kai a ɓata rabin awa ba, amma yara suna so. Hanya tana ta hawa a hankali, ƙaya ta koma gajerun itatuwa, su ma su koma dogaye, iska ta yi sanyi. Kusa da Williams ka sauka ka kama hanya mai lamba 64 ta arewa, kusan kilomita 85 zuwa ƙofa. Layi ɗaya ne kowane hannu, kuma da magariba manyan barewar nan da suke kira elk, masu girman doki, suna tsallakawa. Kada ka bi ta da gudu cikin duhu.

Wanda ya taso daga Phoenix ya bi I-17 zuwa Flagstaff, daga nan ya zo Williams ya haɗe da wannan hanya. Awa uku da rabi zuwa huɗu ne.

Ƙofar kudu takan yi layi daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar a lokacin cunkoso, wani lokaci awa guda ana jan jiki. Tunda ranar farko da rana za ka iso, sai haƙuri. Karɓi taswirar takarda da za a miƙo maka, ta fi waya amfani a ciki.

Ajiye mota, hau bas

Wuce kai tsaye zuwa cibiyar baƙi, inda akwai filayen ajiye mota guda huɗu. Da ka samu wuri, ka bar motar nan har dare. Bas-bas na gandun kyauta ne, ba tikiti, kuma da launi ake gane layinsu. Shuɗi yana zagaya ƙauyen da masaukai. Ruwan lemo yana zuwa wurin kallo na Yaki Point da bakin South Kaibab, hanyar sauka cikin ramin da ƙafa, inda ba a barin motocin mutane. Ja yana bin Hermit Road, kilomita 11 ta yamma, wadda ake rufe wa motoci daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Nuwamba.

Ranar farko kada ka sauka ciki. Jikinka bai saba da tudun ba, ga gajiyar tuƙi. Taka zuwa Mather Point ka yi kallon farko, sannan ka bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin ramin ta yamma zuwa gidan tarihin duwatsu na Yavapai. Daga can akwai wata hanya da aka jera wa ƙananan alamun ƙarfe a ƙasa, kowace mita ɗaya a matsayin shekara miliyan ɗaya, an kuma ajiye samfurin kowane dutse a gefen shekarunsa ka taɓa da hannu. Masana duwatsu sun ƙiyasta farin dutsen da kake takawa a sama da shekara miliyan 270, kuma akwai ɓawon halittun teku a jikinsa. Baƙin dutsen da ke can ƙasa wajen kogi ya haura shekara biliyan 1.7. Kogin kuwa aikin shekara miliyan 5 zuwa 6 ya yi.

Awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana ka hau jan bas zuwa Hopi Point ko Mohave Point. Kowa zai juya yana kallon ranar, kai ka juya mata baya ka kalli gabas, inda haske ke sauka a kan duwatsun suna komawa ja kamar garwashi, inuwa tana hawowa daga ƙasa. Mafi yawan bakin ramin ba shi da shinge. Riƙe hannun yaro, kuma kada ka ja da baya don hoto ya yi kyau.

Sallah da agogo

A gida mun saba cewa a fuskanci gabas. A nan alƙibla tana arewa ne, ka ɗan karkata dama kamar digiri 30. Wato a gaɓar kudu, in ka fuskanci kwazazzabon ka ɗan juya dama kaɗan, ka daidaita. Matsa daga kan hanyar mutane ka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin itace, nesa da baki. Matafiyi ne kai, kana da sauƙin kasaru. Juma'a kuwa sai Flagstaff, nan ne masallaci mafi kusa, tafiyar awa ɗaya da rabi.

Arizona ba ta sauya agogo da bazara kamar yawancin jihohi. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba lokacinta ɗaya ne da Las Vegas, da hunturu tana gaba da awa guda. Ƙasar ƙabilar Navajo da ke gabas da gandun ita kuma tana sauyawa, don haka wayarka tana iya tsallake awa ɗaya ita kaɗai in ta kama sabis daga can. Saita ta da hannu a kan lokacin Phoenix.

Sauka ciki

Nan ne maganar take. Duk dutsen da ka taɓa hawa, ko Dala ko Kufena, da ƙarfinka ka fara hawa, da ka gaji sai gangara ta dawo da kai. Wannan dutse ne da aka kife. Gangara ce farko, kana hira kana ɗaukar hoto, ba ka jin komai. Hawan yana jiranka a ƙarshe, lokacin da ƙafa ta mutu, ruwa ya ragu, rana ta take. Kuma zafi ƙaruwa yake yi da zurfi, kusan digiri ɗaya a kowace mita ɗari. Ranar da sama take 30, ƙasa wajen kogi ta haura 40, a inuwa ma.

Na ga wannan da idona a tafiyata ta farko, cikin watan Yuni. Ni da wani yayana ne, mutumin Sakkwato. Muka tsaya shan shayi har tara da rabi, sannan muka kama hanyar South Kaibab da gorar ruwa ɗaya ɗaya. Na nuna masa allon gargaɗin da ke bakin hanya, ya ce, "Kai yaro, ni da na yi azumi a Sakkwato cikin Afrilu za a gaya wa rana?" Cikin awa guda muka isa Cedar Ridge, wani wurin hutu a kan hanyar, muna dariya. Da muka juyo, ko kwata ba mu yi ba ya fara zama a kan kowane dutse. Gumi yana bushewa kafin ya gangaro, sai farin gishiri a wuyan rigarsa. Na ce, "Yaya, ko mu jira rana ta yi sanyi?" Ya ɗaga kai ya dubi inda za mu, bai ce uffan ba. Wata dattijuwa cikin masu sa kai da ke sintiri a hanyar ta zaunar da mu a 'yar inuwar wani dutse, ta jiƙa masa hula da riga, ta ba shi biskit mai gishiri ta ce ya ci kafin ya ƙara kurɓar ruwa. Awa biyu da rabi muka yi kafin mu fito. Zafin Sakkwato gaskiya ne, amma a Sakkwato ba wanda ke hawan bene mai hawa ɗari da tsakar rana a kan tudun mita 2,000.

Ga yadda ake yi. Ka kasance a bakin hanya da fitowar rana, bas ɗin yana fara aiki tun da duhu. Yanke wurin juyawa tun kana sama, kuma kada ka ƙara ko da ka isa kana jin ƙarfi. Duba agogo lokacin da ka fara: duk mintin da ka yi kana sauka, biyu za ka biya a hawa. In awa uku gare ka, bayan awa ɗaya ka juya, ko ina ka kai. Da bazara ka tabbata ka fito kafin ƙarfe 10, domin daga nan zuwa 4 na yamma hukumar gandun kanta cewa take a bar hanya.

Hanyoyi biyu ne na sabon zuwa. South Kaibab tana bin ƙashin bayan dutse, kallo a buɗe ta ko'ina, amma ba ruwa ko ɗigo kuma inuwa kaɗan ce. Ooh Aah Point yana kilomita 1.5 daga sama, kuma ya ishi mai iyali. Cedar Ridge yana kilomita 2.4, zurfin kusan mita 340, akwai makewayi, nan ne iyakar mai hankali da bazara. Bright Angel kuwa tana farawa daga cikin ƙauyen, ta fi inuwa, kuma akwai rumfar hutu a kilomita 2.4 da wata a 4.8, masu famfo daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Bututun ruwan tsoho ne, yana yawan fashewa, don haka tambaya a cibiyar baƙi kafin ka dogara da shi, kuma ko an ce akwai ka ɗauki naka. Zuwa kogi a dawo a rana guda, wannan cire shi daga ranka. Masu kwana a ƙasa da takardar izini suke sauka, ɗakunan Phantom Ranch, masaukin da ke can ƙasa wajen kogi, kuma ƙuri'a ake yi fiye da shekara guda kafin ranar.

Ɗauki lita biyu zuwa uku ko don gajeriyar tafiya. Amma ruwa kaɗai yana iya kayar da mutum: gumi ya fitar da gishirin jiki, ka yi ta ɗura ruwa ba ci, sai jiri da amai da ruɗewa. Duk lokacin da ka sha, ka jefa gyaɗa ko biskit a baki. Jiƙa hula da riga in ka samu famfo. Rufe jiki da sakakken tufa mai haske ya fi tuɓewa, abin da mutanen Agadas suka daɗe da sani. Mai azumin nafila ya ɗage shi zuwa wata rana, in kuma Ramadan ne, a tsaya a sama a yi kallo. Wanda ya daina gumi, ko ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa shi sharkaf, a aika wani ya nemi ma'aikaci ko ya kira lambar gaggawa 911 inda sabis ya kama.

Za ka haɗu da ayarin alfadarai. Su ke da hanya. Matsa ɓangaren bango, ba ɓangaren rami ba, ka tsaya shiru har na ƙarshe ya wuce da kamar mita 15. Mai hawowa ma shi ake ba hanya. Kuregun wurin sun saba da mutane har suna hawa jaka, kuma cizonsu ne raunin dabba da aka fi kai wa asibitin gandun, don haka kada yaro ya miƙa musu komai. Hankaki suna buɗe zif. Elk a ba shi mita 30. Jifa da dutse cikin ramin laifi ne, akwai mutane a ƙasa, haka ma tashin jirgi marar matuƙi. In ka ga wata ƙatuwar ungulu mai lamba a fiffike tana shawagi, ka tsaya ka kalla: kondo ce ta Kalifoniya, faɗin fikafikanta kusan mita 3, kuma a farkon shekarun 1980 guda 22 kacal suka rage a duniya.

Da dare kada ka yi saurin shiga ɗaki. Tun 2019 aka sa gandun cikin wuraren da ake kare duhun samaniyarsu, an rage fitilu da gangan. Koma Mather Point da rigar sanyi da filas, ka kashe tocila, ka ba idonka minti ashirin.

Fita ta gabas

Rana ta uku kada ka koma ta inda ka shigo. Bi hanyar Desert View, kusan kilomita 40 a gefen ramin, wadda motarka ke da izinin bi. Tsaya a Grandview, sannan Lipan Point, inda kogin ke fitowa sosai yana lanƙwasa, har ka hango farin kumfar gangararsa. A ƙarshe akwai hasumiyar dutse mai tsayin mita 21 da mai zanen gine-gine Mary Colter ta zana aka gina a 1932, cikinta da zanen wani mai zane ɗan ƙabilar Hopi, Fred Kabotie. Ƙabilu 11 ne ke da alaƙa da wannan kwazazzabo tun kafin Baturen farko, García López de Cárdenas, ya leƙa shi a 1540, kuma 'yan ƙabilar Havasupai har yau a cikinsa suke zaune.

Da ka fita ƙofar gabas ka ɗan taɓa tafiya, sai ka shiga ƙasar Navajo. A gefen hanya za ka ga rumfunan mata masu sayar da sarƙoƙin azurfa da duwatsun ado da tukwane. Riƙe 'yan tsabar kuɗi saboda su, kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Hanyar tana gangarawa zuwa Cameron, inda za ka sha mai ka kama US-89 ta kudu zuwa Flagstaff, tafiyar kusan awa guda. Daga Flagstaff, I-40 ta yamma za ta mayar da kai Kingman, sai US-93 zuwa Las Vegas, kamar awa huɗu. Cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi kafin ka mayar da motar, ka ajiye rasit, ka kakkaɓe jar ƙurar da ke kan tabarmin ƙafa.